Ƙarin Ruwa Ba Abinci Ba Ne: Gargaɗi Ga Masu Jinya Kafin Hunturu Ya Kankama

Iskar hunturu ta fara kaɗawa. Nan da 'yan makonni ɗakunan asibiti za su cika da tsofaffi da jarirai da masu asma, waɗanda mura ta sauko musu ƙirji har numfashi ya gagara. Wasu mura mai tsanani ce, wasu korona ce, domin ba ta tafi ba, hayaniyarta ce ta ragu. Likita zai rubuta magani, nas za ta ɗaura iskar oksijin. Amma a yawancin asibitocinmu ciyar da majinyaci yana wuyan danginsa, kuma a nan ake yin ɓarnar da nake so mu tare tun kafin ta faru.

"Ya ci abinci kuwa?" "A'a, amma ai an sa masa ruwa." Wannan amsar ta kwantar da hankalin dangi da yawa alhali ɗan uwansu yana ƙarewa da yunwa a gabansu. Ledar ƙarin ruwa ta rabin lita, irin mai sukari kashi 5 cikin ɗari, giram 25 kacal na sukari ke cikinta, wato kamar ƙaramin cokali shida, kalori 100 ko ƙasa da haka. Mai gishiri kuwa ba ta da ko kalori ɗaya. Mutum mai nauyin kilo 60 da ke kwance yana buƙatar kalori 1,500 zuwa 1,800 a yini. Ko an ɗaura masa leda huɗu, bai samu kashi ɗaya cikin uku ba, kuma babu ko ɗigon furotin a ciki. Ƙarin ruwa yana hana jiki bushewa, yana buɗe hanyar magani. Aikinsa ke nan.

A daidai wannan lokacin jiki yana aikin da bai taɓa yi ba. Zazzaɓi yana ƙona abinci fiye da kima, kuma mai haki da ƙyar yana kashe ƙarfi a kowane numfashi. In abinci bai shigo ta baki ba, jiki zai juya ya ci namansa. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2013, a kan majinyata 63 a ɗakunan kulawa ta musamman a Ingila, ya gano cewa tsokar cinya ta ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari a kwana goma. Ba cinya kaɗai ke zagwanyewa ba. Da tsoka ake jan numfashi, da tsoka ake tari a fitar da majina daga huhu. Dattijon da ya rame a gado ba ya iya tari mai ƙarfi, majina ta kwanta, wata sabuwar limoniya ta hau kan ta farko. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shi ya sa nake roƙon jama'a su daina gudun robar hanci. An saba, da zarar likita ya ce za a zura roba ta hanci zuwa ciki, sai ka ga fuskoki sun canza, babban ɗa ya ja likita gefe: "Ranka ya daɗe, a bar bawan Allah ya huta, kada a wahalar da shi." Mutane sun ɗauka robar alamar ƙarshe ce, domin sun ga waɗanda aka sa wa sun rasu. To, akasari an sa musu ne bayan an shafe mako ana gardama, lokacin da jiki ya riga ya ƙare. Ƙa'idar ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, ESPEN, ita ce a fara ciyar da majinyaci mai tsanani ta ciki a cikin awa 48 na farko in ba zai iya ci da kansa ba, sai dai in akwai dalilin da ya hana. A 2020, lokacin da korona ta cika asibitocin duniya, har waɗanda aka kifa rub-da-ciki don huhunsu ya buɗe an ci gaba da ciyar da su ta wannan robar. Zura ta akwai rashin daɗi na 'yan mintuna, ban musa ba. Ana kuma cire ta ranar da mutum ya koma haɗiya lafiya.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma shi ya fi saurin kisa: ɗura. Ƙauna ce ke kawo shi. 'Ya ta zauna a bakin gado da kofin kunu, ta zame wa uban robar oksijin daga fuska, tana lallashi, "Baba, daure ka sha ko cokali ɗaya ne." Shi kuwa idonsa a lumshe, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Hanyar abinci da ta iska a maƙogwaro suke haɗuwa, kuma duk haɗiya sai numfashi ya ɗan tsaya. Mai jan numfashi sau 35 ko 40 a minti ba shi da wannan sararin. Kunun sai ya bi ta hanyar huhu. Wani lokaci zai sarƙe ya yi tari, wani lokaci ko tarin ba zai yi ba saboda rauni, sai washegari zazzaɓi ya tashi a ce ciwo ne ya ci gaba. Don haka in majinyaci yana gyangyaɗi, ko bai san inda yake ba, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure baki bayan ya sha abu, ko yana tari duk kurɓa, a ajiye cokali a kira nas. Ba a ciyar da mutum a kwance. A tayar da shi zaune, a bar shi haka aƙalla rabin awa bayan ya gama. Kada kuma wani ya cire oksijin da kansa don a ci abinci. A tambaya, akwai siririyar roba ta hanci da ake iya canzawa zuwa gare ta in halinsa ya ba da dama. Wanda aka sa wa robar ciyarwa kuwa, kada dangi su zuba komai a cikinta a ɓoye, jiƙo ne ko ruwan addu'a. Roba tana iya gocewa bayan amai ko tari mai ƙarfi, sai ma'aikaci ya tabbatar tana cikin ciki tukuna.

Akwai wani haɗarin da mutane kaɗan suka sani. Wanda ya yi kwana biyar ko fiye bai ci abin kirki ba, musamman in da ma ramamme ne, ba a cika masa ciki farat ɗaya ranar da ya farfaɗo. Abinci mai yawa bayan doguwar yunwa yana sa sinadaran fosfet da fotashiyam da magniziyam su faɗi warwas a jini, zuciya ta rikice, numfashi ya raunana, har a rasa mutumin da ake murnar ya samu sauƙi. Shi ya sa likita ke farawa da kaɗan, yana ƙarawa cikin kwanaki, yana ba da bitamin B1, yana auna jini in da hali. Ba rowa yake yi ba. A gaya masa gaskiyar ranar da majinyaci ya daina ci tun a gida.

Sai maganar sukari. Tun watan Yunin 2020, da gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford ya nuna cewa dexamethasone yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, maganin ya zama ruwan dare ga masu korona da ke buƙatar oksijin. Amma yana ɗaga sukarin jini, har ga wanda bai taɓa sanin yana da ciwon sukari ba. Katan ɗin lemon kwalba da 'yan dubiya ke jibgewa ƙarƙashin gado ba ƙarfi yake ƙarawa ba, a raba wa masu jinya su sha.

Wanda yake iya haɗiya lafiya, me za a kawo masa? Koko tsinkakke ruwa ne da ɗan gari, ba zai riƙe mutum ba. Mai kilo 60 yana buƙatar furotin kamar giram 75 zuwa 80 a yini, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne, sai a auna a gani. Kunun gyaɗa mai kauri da madara, alale mai laushi, awara, dafaffen ƙwai, kindirmo mai tsabta da aka yi da dafaffiyar madara, farfesun kifi da aka tsince ƙayarsa: duk suna kasuwarmu, ba sai an sayi gwangwanin waje ba. Kaɗan-kaɗan, sau shida ko fiye a yini, ya fi kula guda da zai kalla ya kau da kai. In ya ce ba ya jin ɗanɗano ko ƙanshi, ba shagwaɓa ba ce, ciwon ne ke kawo haka. Mai ciwon ƙoda ko na sukari kuwa, likita ne zai tsara masa.

Jariri mai limoniya ba a yanke masa nono, ko uwar ce ke da mura. Ta rufe hanci da baki, ta wanke hannu, ta shayar. In haki ya hana shi tsotso, ta tatsa a ba shi yadda ma'aikata suka nuna.

Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ciyarwa, da takunkumi a fuska, kada kuma a ci ragowar majinyaci ko a yi tarayya da cokalinsa. Ya samu 'yar takarda yana rubuta abin da aka ci da yawansa, rabin kofi ne ko cokali uku. Da safe in likita ya zo zagaye, a nuna masa takardar, a tambaye shi kai tsaye ko wannan ya isa, in kuma bai isa ba, ta wace hanya za a ciyar da shi yau.