Karfasar Filifin: daga keji zuwa faranti

A kasuwannin kifi na Manila, da wuya ka zaga layi biyu ba ka ga tilapiya jibge kan tebur ba, wani lokacin ma tana motsi. Bahaushe zai gane ta nan take: karfasa ce. Asalinta Afirka, kuma irin da ake kiwo a Filifin yanzu, wato na kogin Nilu, ya shiga ƙasar ne a shekarun 1970. A 1988 masana suka fara aikin inganta irin a lardin Nueva Ecija, suka kwaso iyayen kifin daga Masar da Ghana da Kenya da Senegal. Yau kejinan tafkin Taal da tafkunan Pampanga suna cika kasuwa da ita a farashin da talaka zai iya.

Me ke cikinta? Giram 100 na tsokar karfasa da aka gasa yana ɗauke da furotin kusan giram 26, kitse kuwa bai kai giram 3 ba, ga sinadarin seleniyom da bitamin B12. A gidan da shinkafa ke zuwa safe da rana da dare, wannan babban abu ne, domin shinkafa tana cika ciki amma abin gina jiki a cikinta kaɗan ne. Farantin Pinggang Pinoy, wanda cibiyar binciken abinci ta gwamnati ta fitar don nuna yadda ya kamata a ci abinci, ya ba ganye da 'ya'yan itace rabin faranti, sauran rabin shinkafa da ɗan kason kifi ko nama, kuma hoton kifi aka sa a wurin.

Sai dai kifin yana rasa wannan daraja a kasko. Idan aka tsunduma shi cikin mai har ya yi ƙaras-ƙaras, kamar yadda gidaje da yawa suke so, zai sha a wuta kitsen da bai zo da shi daga ruwa ba. Haka in aka dafa shi da madarar kwakwa mai kauri. Ga kuma gishiri: romon kifi mai gishiri da suke kira patis, da busasshen kifin tuyo da ake karya kumallo da shi. Ciwon zuciya shi ne kan gaba wajen kashe mutane a Filifin, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganin yana cikin tukunyarsu tun kaka da kakanni. Sinigang miya ce ta tsamiya da tumatir da ganye, ba a soya komai a ciki, tsamin ma yana rage buƙatar gishiri. Akwai gashin gawayi, inihaw, da romon tinola da ake zuba wa zogale, wanda suke kira malunggay.

Karfasa ba ta da yawan mai na omega-3 da zuciya ke so. Wannan sai a kifi mai maiƙo, irin su bangus da sadin ɗin da suke kira tamban, don haka uwar gida mai lura takan canja kifin daga rana zuwa rana.