Ɗan Haya Ya Daina Biya: Abin da Doka Ta Yarje wa Mai Gida, da Abin da Ta Hana Shi

A garuruwa irin su Rano da Kibiya, har zuwa Nariya, yawancin masu neman ɗakin haya baƙi ne da aiki ko karatu ya kawo su: masu yi wa ƙasa hidima, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aka turo daga birni, da ɗaliban reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke Rano. Irin waɗannan ba sa zuwa da gado ko katifa. Shi ya sa wasu masu gidaje suka koma zuba kaya a ɗaki, gado da katifa da fanka, wani lokaci har da ƙaramin firji, su bayar da haya ɗaki-ɗaki. Kuɗin ya fi na ɗakin da ba komai a ciki. Amma ranar da ɗan haya ya daina biya, asarar ma ninki biyu ce, domin ga bashi yana taruwa, ga kayan mai gida a hannun wanda ake bi.

Abin da aka saba gani a irin wannan hali sananne ne. Mai gida ya sa kwaɗo a ƙofa, ko ya cire ƙofar gaba ɗaya, ko ya yanke wuta, ko ya fitar da kayan mutum tsakar gida. Wani kuma ofishin 'yan sanda yake nufa. Duk waɗannan ba su da gurbi a doka, kuma sukan mayar da mai bin bashi ya zama wanda ake ƙara.

Batun 'yan sanda a fili yake. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, kamar yadda Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta tanada tun farko. Rashin biyan haya bashi ne. Duk ɗan sandan da ya tsare mutum a kansa ya wuce iyakarsa, kuma kotu na iya ɗora diyya a kansa da kan wanda ya kira shi. Sai dai ɗakin da ke da kaya yana da wata fuska dabam. Idan ɗan haya ya sayar da fankar mai gida ko ya gudu da katifa, magana ta tashi daga bashi ta koma cin amana, wanda laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa. A nan ne kawai 'yan sanda ke da hurumi, kuma a nan ne mai gidan da bai rubuta jerin kayansa ba ke rasa hujja.

Hanyar doka tana da tsawo, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. A galibin dokokin jihohi, in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan mako-mako notis ɗin kwana 7 ake ba shi, mai biyan wata-wata wata 1, mai biyan shekara wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa takardar kwana 7 da ke sanar da shi niyyar zuwa kotu. Wanda aka ba haya na ƙayyadadden lokaci kuwa, misali ɗan bautar ƙasa da aka rubuta masa shekara guda, da zarar lokacin ya ƙare takardar kwana 7 ɗin ta wadatar. Daga nan alƙali ne ke ba da umarnin fitarwa, ma'aikatan kotu ne kuma ke aiwatarwa. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, Kotun Ƙoli ta nuna cewa kuskure a takardar notis ba zai zama mafakar da ɗan haya zai shekara yana fakewa da ita ba. Jihar Legas ta fi kowa fayyace ɗaya ɓangaren: dokarta ta haya ta 2011 ta sa tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6 ga mai korar ɗan haya da ƙarfi.

Karɓo kuɗin kuwa magana ce dabam da karɓo ɗaki. Tun 2019 Kano ke da kotun ƙananan basussuka, wadda ta fara da iyakar naira miliyan 5, ba kuma dole sai da lauya ba. Kotunan shari'ar Musulunci ma suna sauraron rikicin haya, a matsayin ijara. A aikace dai yawancin rikicin a zauren mai unguwa ko dagaci yake ƙarewa, ko a ofishin Hisbah, kuma ba laifi ba ne. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da yawa daga masu riƙe kuɗin haya gazawa ce ta hana su, ba taurin bashi ba, addini kuma ya yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Aibin sulhun baki ɗaya ne: bayan wata biyu kowa abin da ya yi masa daɗi yake tunawa. Sulhun da aka rubuta, da ranar biya da sa hannun shaidu, shi ne kotu za ta duba.

Akwai kuma sauran 'yan hayar, waɗanda ake yawan mantawa da su. A gidan ɗaki-ɗaki kowane ɗaki yarjejeniyarsa dabam, alhali mita ɗaya ce, rijiya ɗaya, banɗaki ɗaya. Mai gidan da ya yanke wuta don ya matsa wa mutum ɗaya ya saɓa wa mutum biyar da suka biya, haka ma wanda ya raba musu kason KEDCO na wanda bai biya ba.

Yawancin wannan wahala ranar miƙa makulli ake kauce mata. Takarda shafi ɗaya ta isa: wa'adin haya, ranar biya, jerin kayan ɗaki da halin da suke ciki tare da hotuna a waya, kuɗin ajiya na gyaran abin da ya lalace, da sunan wanda ya tsaya wa ɗan haya, ko shugabansa a wurin aiki ko wani sananne a gari. Rasit kuma na kowane biya, ko da ta banki aka turo. Masu gidaje da dama na ganin neman sa hannu kamar nuna rashin yarda ne ga baƙo, musamman in wani babba ne ya kawo shi. Wannan babban shi ya fi dacewa ya sa hannu a matsayin mai lamuni.