Kafin ka ɗora bene a Sakkwato

Wanda ya sayi fili a Mabera ko Arkilla yakan ɗauka cewa daga ƙasa har sararin sama nasa ne. Filin kam nasa ne, amma tsawon ginin da fuskar da zai nuna wa titi akwai haƙƙin maƙwabta da masu wucewa a ciki, shi ya sa hukuma take sa baki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan hukuncin gini, kuma tushensa hana cutar da maƙwabci. Ba a buɗe tagar da za ta leƙa tsakar gidan wani. Ba a saita ƙofa daidai da ta gidan da ke tsallaken lungu ta yadda za a riƙa hango iyalinsa. Indararo ma ba a juya shi ya zuba a katangar maƙwabci. Wani magini a Tunis, Ibn Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda tun ƙarni na 14.

Kayan aiki ma sun taimaka. Tubali da azara ba su barin gini ya yi ta hawa sama, kuma azara ba ta tsallake ɗaki mai faɗi sosai. Sai gidajen tsohon gari, wajen Kanwuri da kewayen Hubbaren Shehu, suka tashi kusan kai ɗaya: doguwar katanga, zaure a gaba, zanko a kusurwa, ƙananan tagogi can sama. Mai hali a fuskar zaure yake nuna halinsa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, katanga mai kauri da inuwar lungu ba ƙaramar rahama ba ce.

Siminti da rodi sun cire wancan takunkumin, sai doka ta maye gurbinsa. Akwai dokar filaye ta 1978 da ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, da dokar tsara birane ta 1992, da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006. A nan jiha, hukumar tsara birane ce ke duba zane ta ba da izini. Takardar mallakar fili daban, izinin gini daban, kuma nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe.

Me ake dubawa a zanen? Tazarar gini daga titi da iyakar maƙwabci, yawan hawa, kason filin da ginin zai cinye, hanyar iska da haske, wurin ajiye mota, da inda ruwa zai bi. Abin da ya dace da Titin Ahmadu Bello, inda bankuna da shaguna suke, ba lallai ya dace da lungun da Keke Napep ke shiga da ƙyar ba. Bene mai hawa uku a irin wannan lungu, barandarsa na kallon tsakar gidaje huɗu, ya mayar da matan gidajen masu yawo da mayafi a cikin gidansu.

Fuskar gini ita ce aka fi sakaci da ita, a ganina. Gilashi daga sama har ƙasa yana da kyau a hoto, amma idan ya fuskanci yamma, da la'asar ɗakin tanderu ne, ga ƙurar hunturu. Kiyaye fuskar gini ta gargajiya kuwa yana da riba: Agadas ta riƙe jar ƙasarta da hasumiyarta har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Don haka kafin a sauke yashi, kai zanenka hukuma, sannan ka tsaya inda tagar benen za ta kasance ka duba gidan wa za ta leƙa.