Ƙwaƙwalwar Ɗan'Adam da Koyon Harsuna

Gabatarwa

Ɗalibai da yawa, musamman na ɓangaren kimiyya, sukan ɗauki darasin Faransanci ko Larabci a matsayin ɓata lokaci, wai gara a ba lissafi da kimiyyar sinadarai wannan lokacin. Wannan ra'ayi ya bazu har a ƙasashen da suka ci gaba, inda azuzuwan harsunan waje ke ta raguwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ilimin halittu ya gano game da harshe da ƙwaƙwalwa, sannan ta nuna irin asarar da ake tafkawa idan aka yi watsi da koyon harsuna.

Mazaunin harshe a ƙwaƙwalwa

A shekarar 1861 wani likita Bafaranshe mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci da ke fahimtar abin da ake faɗa masa, amma ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak. Da mutumin ya rasu, aka buɗe kansa, sai aka tarar da lahani a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa. A 1874 kuma Carl Wernicke, Bajamushe, ya gano wani gurbin a bayan wancan, wanda idan ya lalace mutum zai yi ta zuba zance amma babu ma'ana. Daga nan aka tabbatar cewa harshe aiki ne na sassan jiki, kamar gani da ji. Wannan ne ma ya sa wanda ya sami shanyewar ɓarin jikin dama sau da yawa maganarsa kan sarƙe, domin ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa daman jiki.

Icce tun yana ɗanye

Binciken da Janet Werker ta gudanar a Kanada cikin shekarun 1980 ya nuna cewa jaririn wata 6 zuwa 8 yana rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba. Kafin ya cika shekara guda sai wannan baiwa ta ragu, kunnensa ya karkata ga harshen gidansu. Shi ya sa baƙo yake wahala kafin ya bambanta “kafa” da “ƙafa”, kamar yadda Bahaushe ke fama da “p” da “f” idan ya zo Turanci. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk da haka gemu ba ya hana ilimi. A 2004 masu bincike a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu harshe biyu, suka ga wani sashe na ɓarin hagu ya fi cika a wurinsu fiye da na masu harshe ɗaya. Bambancin ya fi fitowa ga waɗanda suka koya tun suna yara, amma har waɗanda suka koya daga baya an ga alamarsa. Ke nan ƙwaƙwalwa tana sauyawa gwargwadon aikin da aka ba ta.

Amfani a lokacin tsufa

A 2007 Ellen Bialystok da abokan aikinta a Toronto suka bi bayanan majinyata 184 masu ciwon ruɗewar tsufa. Sai suka tarar alamun ciwon sun jinkirta da kimanin shekara 4 ga masu harshe biyu. An yi makamancin wannan a Haidarabad ta Indiya a 2013 da majinyata 648, aka sami jinkirin shekara 4 da rabi, har a tsakanin waɗanda ba su taɓa shiga makaranta ba. Bayanin da ake bayarwa shi ne, mai harshe biyu kullum ƙwaƙwalwarsa na zaɓar ɗaya tana danne ɗayan, wannan kuwa motsa jiki ne gare ta. Ya kamata a lura cewa harshe na biyu ba rigakafi ba ne, jinkirta alamu kawai aka gani, kuma masana na ci gaba da muhawara a kan girman wannan fa'ida.

Koma-bayan da ake samu

A Ingila, tun da aka daina tilasta darasin harshen waje ga 'yan shekara 14 zuwa sama a 2004, masu rubuta jarrabawar Faransanci da Jamusanci sun ragu da fiye da rabi. A jami'o'in Amurka, masu rajistar darussan harsuna sun ragu da kashi 16.6 cikin ɗari tsakanin 2016 da 2021. Dalilan sun haɗa da tunanin cewa kowa na jin Turanci, da tsuke bakin aljihu, da kuma dogaro ga fassarar na'ura.

Nijeriya kuwa maƙwabtanta na tudu huɗu ne, wato Binin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma duk ana aiki da Faransanci a cikinsu. An kafa cibiyar koyon Faransanci a Badagry a 1991, da ta Larabci a Ngala a 1992, sannan a 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu. Sai dai ƙarancin malamai ya hana wannan buri cika a makarantu da dama.

Me ya shafi ɗan kimiyya?

Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya duba rubuce-rubucen da aka yi a 2014 kan kare dabbobi da tsirrai, ya tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku ba da Turanci aka yi su ba. Mai nazarin kifayen Tafkin Chadi ko farin ɗango dole ya ci karo da rahotannin Faransanci, domin kwari da cututtuka ba su san kan iyaka ba. Hatta sunan tsamiya na kimiyya, Tamarindus indica, asalinsa Larabci ne, ma'anarsa dabinon Indiya. Na'ura tana iya fassara takarda, amma ba za ta zauna da manomi a gindin bishiya har ya amince ya faɗi abin da ya sani ba.

Kammalawa

Yaron da ya tashi da Hausa da Fulatanci, ko Barebari da Larabci, ya riga ya sami harsashi, don haka kada malami ya ɗauki harshen gida a matsayin cikas. Ga ɗalibi kuma, minti 20 kullum ya fi sa'a uku a rana ɗaya, domin maimaici ne ke ƙarfafa mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, barci kuma ya adana abin da aka koya. Ya saurari rediyo, ya yi hira da masu harshen, kada kunyar kuskure ta hana shi buɗe baki. Shugabannin makarantu su ma su yi nazari kafin su soke darasin harshe, domin abin da aka rasa a ƙuruciya da wuya ake maido shi.