Me Ake Yi a Ɗakin Gashi?

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu mun san gidan da ake da yaron da ya kai shekara biyu ko uku bai zauna ba, wuyansa bai tsaya ba, hannunsa a dunƙule, in an ɗaga shi ƙafafunsa su sarƙe kamar almakashi. Wasu su ce iska ce ta taɓa shi, wasu su ce ɗan ruwa ne. A asibiti sunan lalurar galahanga, kuma abin da aka fi tura iyaye su yi shi ne gashi. To, mene ne gashin, kuma me yake gyarawa?

Asalin matsalar ba a ƙafa take ba, a ƙwaƙwalwa take. Sashen da ke aika wa tsoka umarnin motsi ne ya sami rauni, tun yaron yana ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jinjiri. A ƙasarmu abubuwan da suka fi jawo haka su ne doguwar naƙuda da ke hana jariri samun iska, da shawara mai tsanani a kwanakin farko, da sanƙarau. Raunin ba ya ƙaruwa, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Abin da ke ƙaruwa shi ne ɓarnar kwanciya. Tsokar da ba a miƙe ta gajarcewa take yi, gwiwa da idon sawu su sandare, ƙashin ƙugu ma yana iya gocewa daga mazauninsa. In abin ya kai nan, sau da yawa sai an haɗa da tiyata a wuri irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Sunan gashi yana ruɗar mutane. Mai jin sa zai zaci fitila ce mai zafi za a haska wa yaro ya miƙe. Akwai irin waɗannan na'urori, amma ga mai galahanga babban aikin shi ne maimaita motsi. Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyin aika saƙo, kamar yadda turba ke fitowa a gona in ana yawan bi, kuma ta ƙaramin yaro ta fi saurin yin haka. Shi ya sa likitan gashi yake kifa yaro a kan ƙatuwar ƙwallon roba yana kaɗa masa abin wasa don ya ɗago kai, ko ya tsayar da shi tsakanin sanduna biyu, ko ya sa a yi masa takalmin roba mai riƙe idon sawu. Dabarar da ta fi ba mu mamaki ita ce ta yaron da hannunsa ɗaya ne ya raunana: sai a sa wa mai lafiyar safa na wasu sa'o'i, dole yaron ya ɗauki cokali da wanda ya saba ɓoyewa. Yakan yi fushi da farko. Kowa ma zai yi.

Akwai wani likita a ƙasar Hungari mai suna Andras Peto da ya ɗauki wannan tunani ya mai da shi makaranta. A 1945 ya fara aiki da yara a birnin Budapest, yana ganin motsi abu ne da ake koyo kamar karatu. Yaransa a aji suke aiki tare, da malami guda da ke haɗa darasi da atisaye. Suna faɗin abin da za su yi da baki, suna ƙirga ko waƙa, sannan su yi. Kujerunsu masu baya kamar tsani ne, yaro ya kama ya tura a gabansa yana takawa. Bayan BBC ta nuna wani shiri a kan cibiyar a 1986, iyaye daga Ingila suka riƙa tururuwa can. Binciken da aka yi daga baya bai nuna hanyarsa ta fi sauran hanyoyin gashi ba, amma mu dai abin da ya burge mu shi ne yaron ba kwance yake ana juya shi ba, shi ne mai yin aikin.

Manya ma suna shiga wannan ɗaki. Wanda hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki ya fi samun sauƙi a watanni uku zuwa shida na farko, don haka wata biyu da aka ɓata ana jiran jiki ya dawo da kansa babbar asara ce. In kuna da irin wannan majinyaci a gida, kada ku ɗaga shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa. Shan inna kuma daban ce: ƙwayar cutar lakka take kamawa, ƙafa ta saki maimakon ta sandare. Tun ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, suna bukatar sanda da takalmin ƙarfe da keken hannu.

Gashi ba ya goge raunin ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane yaro ne zai yi tafiya ba. Wani nasararsa ya zauna ya ci tuwo da hannunsa. Sa'a guda a asibiti a mako kuma ba ta isa, sauran aikin a tsakar gida ake yi, kuma yawanci uwa ce kaɗai ke fama. A nan yayye irinmu suke da amfani: minti goma na wasan miƙo ƙwallo bayan la'asar, yadda likita ya nuna, atisaye ne cikakke.

Da yawa daga cikin masu galahanga hankalinsu garau yake, bakin ne kawai ke nauyi. Irinsu aji ya kamata su zo. Sai dai da muka zagaya, mun ga kowane aji a nan sai an hau dakali kafin a shiga, ƙofar ban ɗaki kuma keken guragu ba zai wuce ta ba. Mun rubuta wa shugaban makaranta a kan haka, kuma za mu liƙa amsarsa a wannan allo.