Gidan gado a Majidaɗi

A tsofaffin unguwannin Jalingo, irin su Majidaɗi da Barade da Turaki da Sarkin Dawaki, da sunan kaka ake kwatancen gida. Su kansu unguwannin sunayen sarautu suke ɗauke da su, domin garin fadar Muri ce tun da Sarki Muhammadu Nya ya kafa shi wajajen 1893.

Muddin maigida na numfashi, gida ba shi da farashi. Ɗan da ya tambayi nawa gidan zai yi a gaban tsoho, za a ce fatan mutuwa yake yi masa. A ƙofar gidan ake ɗaurin aure da raɗin suna, a zauren ake karɓar gaisuwar mutuwa, a bayan ɗaki kuma aka binne mabiyiyar kusan duk wanda aka haifa a ciki.

Sai dai tun ranar 27 ga Agusta 1991, da aka cire Taraba daga tsohuwar Gongola aka mai da Jalingo babban birni, ƙasa ta yi tsada. Ma'aikata suka kwararo, jami'ar jiha ta biyo baya a 2008, dillalai suka fara leƙen gidajen cikin gari. Zauren da dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, yau a gidaje da yawa an fasa bangonsa ta bakin titi, an sa ƙofar ƙarfe, wani yaro na cajin waya a ciki.

Kuɗin gida kan fito fili ne ranar rabon gado, galibi bayan matan mamaci sun fita takaba. A kira malami da mai unguwa, a nemo masu sanin darajar gini su yi wa gida kuɗi. Matan aure su raba tumuni idan akwai 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mace biyu. Lissafin ba wuya. Wuyar ita ce ɗaki shida ba ya isar magada goma sha biyar. Idan babban wa na da hali, sai ya biya ƙannensa ya riƙe gida. Fiƙihun Malikiyya ma ya ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a, wato shi ne kan gaba da bare wajen sayen rabon ɗan'uwansa.

Mata ne suka fi yafewa. Za ka ji ƙanwa ta ce, "Yaya, ni dai a bar mana ƙofar da za mu riƙa shigowa." Ta san abin da take faɗa: nan za ta zo goyon ciki, nan za ta yi yaji, nan za ta sauka in aure ya mutu. Amma yafewar baki ce, ba rubutu ba shaida. Ran da ita da yayan suka kau, matan 'ya'yansa ne da gida, nata 'ya'yan kuwa sai su yi sallama daga waje, ko su dangana da alƙali.

Ni a ganina, wanda ya fi ɗaga murya cewa "ba a sayar da gidan ubanmu" sau da yawa shi ne mai kwana a ciki yana karɓar hayar shagunan. Ƙaunar gida gaskiya ce, amma ba ta biyan kuɗin makarantar maraya. Wasu iyalan sun gano mafita: a yi wa gida kuɗi, a rubuta rabon kowa a gaban shaidu, a bar ginin a tsaye, hayar shaguna kuma a raba ta duk shekara bisa ƙa'idar gado, har da 'yar da ke aure a Yola ko Wukari.