Shin Ko Kun San? Ɗan Abin da ke Tsare Ran Fitila

Shin ko kun san cewa a cikin kowace rediyo, kowace caja da kowace salula da ake kai wa mai caji a Korahane ta ƙasar Dakoro akwai wani ɗan abu da bai kai ƙwayar wake ba, wanda aikinsa kawai rage wa wuta gudu? Masu gyara na Dakoro da Maraɗi suna ce masa rezistans, yadda sunan ya zo musu daga Faransanci. Takwarorinsu na Katsina da Kano kuwa rizista suke cewa. Abu ɗaya ne: ɗan mulmulalle mai ƙafafu biyu na waya, an zagaye cikinsa da zobban fenti.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dakoro ya san burtali. Garke ya taso da shanu ɗaruruwa, da sun iso tsakanin gonaki sai hanya ta tsuke, dole su bi a jere. Haka wutar lantarki take tafiya. Bolt shi ne ƙarfin da ke koro garken daga baya, amfa yawan shanun da ke wucewa a lokaci guda, om kuwa tsukewar burtalin. Rezistans burtali ne da aka auna faɗinsa da gangan, don kada garke ya faɗa wa gona gaba ɗaya.

Ko kun san wanda ya gano lissafin nan ɗan maƙerin kwado ne? Georg Simon Ohm ke nan, an haife shi a garin Erlangen na ƙasar Jamus a 1789. Yana malamin makaranta a birnin Kolon ya riƙa haɗa kayan gwaji da hannunsa, har ya fitar da littafinsa a 1827. Abin da ya tabbatar gajere ne: ka raba bolt da om, ka sami amfa. Manyan masanan ƙasarsa suka yi masa riƙon sakainar kashi, ransa ya ɓaci har ya ajiye aiki. Sai a 1841 Ingila ta ba shi lambar yabo ta Copley, kujerar farfesa a Munik kuwa bai hau ta ba sai 1852, saura shekara biyu ya rasu. A 1881 taron masana lantarki na duniya da aka yi a Faris ya amince da sunansa a matsayin ma'auni. Alamar nan mai kama da kofaton doki da kuke gani a jikin mitar mai gyara, Ω, ita ce om.

To, ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A karkarar Nijar gidaje masu yawa ba su da layin kamfanin wuta na NIGELEC, hasken dare daga faifan sola da batir mai bolt 12 yake fitowa. Ƙwan da ake amfani da shi kuwa ɗan ƙaramin nan ne mai suna LED, wanda bai san ya ƙoshi ba. Tsohon ƙwai mai zare a ciki yana rage wa kansa wuta idan ya yi zafi. LED kuwa duk abin da aka ba shi haɗiyewa yake yi har ya mutu. Ɗauki ja ɗaya, irin wanda ke nuna rediyo a kunne take. Bolt 2 yake so, da miliamfa 20, wato kashi 20 cikin 1,000 na amfa ɗaya. Ka jona shi kai tsaye a batir mai bolt 12, zai yi wal sau ɗaya, shi ke nan, sai ɗan ƙauri. Lissafin da zai cece shi bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. A cire 2 daga 12, saura 10. A raba 10 da 0.02, an sami om 500. A kasuwa da wuya ka sami mai 500 cif, sai ka ɗauki na kusa da shi, 470 ko 560. Ni 560 nake ɗauka, domin batirin da ya cika yana haura 12, kuma ɗan ragin hasken da za a samu ido ba ya kama shi.

Me ya sa babu 500? Ko kun san masana'antun duniya sun daidaita a kan wasu lambobi ƙayyadaddu? Jerin da aka fi samu goma sha biyu ne: 10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68 da 82, sai a yi ta ƙara musu sifiri. Shi ya sa 47, 470 da 4,700 suka cika tiren mai gyara.

Zobban fentin nan kuwa rubutu ne. Masu ƙera rediyo a Amurka ne suka fito da tsarin a shekarun 1920, saboda jikin abin ya yi ƙanƙanta da buga lamba, kuma zobe ta kowane gefe ka juya shi za ka gan shi. Baƙi sifiri ne, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan goro 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. Zobe na farko da na biyu lambobi ne, na uku yana gaya maka sifiri nawa za ka ƙara. Rawaya, shunayya, ruwan ƙasa: 4 da 7 da sifiri ɗaya, 470 ke nan. Ruwan ƙasa, baƙi, ja: 1 da 0 da sifiri biyu, 1,000. Zobe na huɗu da ke ɗan ware a gefe alkawarin masana'anta ne. Idan ruwan zinariya ne, kuskuren ba zai wuce kashi 5 cikin 100 ba, wato mai 1,000 zai faɗo tsakanin 950 da 1,050. Ruwan azurfa kashi 10. Daga ɗaya gefen ake fara karatu, a bar zinariyar a hannun dama. Shawara ɗaya daga wanda ya sha wahalar abin: a karanta da rana. A hasken cocila ja da ruwan goro da ruwan ƙasa duk kusan ɗaya suke, kuma tsakanin 220 da 22,000 launin zobe ɗaya ne kawai ya bambanta.

Ko kun taɓa duba igiyar fitila mai bolt 12, wadda masu shayi da masu tireda ke liƙawa a bakin rumfa? Ku matso da ita kusa da ido. Bayan kowane ƙwai uku akwai layin da aka yarda a yanka da almakashi, kuma a tsakaninsu akwai ɗan baƙin abu kamar ƙwayar riɗi, da lamba a bayansa, sau da yawa 151. Rezistans ne irin na zamani, marar ƙafafu. Lambar tana nufin 15 da sifiri ɗaya, om 150. Farin LED yana cin kusan bolt 3, uku a jere sun ci 9, ragowar 3 ɗin rezistans ya riƙe su, 3 a raba da 150 kuwa miliamfa 20 ne daidai.

A nan ne ake asarar da ke ba ni takaici, don na sha ganinta. Faifan solar da ake kira mai bolt 12, idan rana ta take, yana ba da 18, idan ba a ɗora masa kaya ba har ya haura 20. Mutum ya ga ba shi da kuɗin akwatin da ke daidaita caji, sai ya jona fitilarsa kai tsaye a wayar faifan. A lissafin takarda, 18 a cire 9 saura 9, a raba da 150, miliamfa 60, ninki uku na abin da aka shirya wa ƙwan. Ga kuma zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a inuwa. Kwana kaɗan hasken zai dushe, ƙwayayen su yi baƙin ɗigo a tsakiya, a ce kayan jabu ne. Wani lokaci jabun ne da gaske. Sau da yawa kuwa burtalin ne aka auna don shanu ashirin, aka koro masa sittin.

Wutar da rezistans ya tare zafi take komawa, shi ya sa kowanne yake da iyakar abin da zai ɗauka. Ƙananan nan da aka fi gani kwata ɗin wat ne. A misalinmu na jan ƙwai, bolt 10 sau 0.02 ya ba da wat 0.2, ya matso iyaka sosai, gara a sa mai rabin wat idan akwai. Wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa fentinsa yake fara ƙonewa, zobban su goge, a rasa ma lambarsa. Wannan zafin ne kuma wasu kayan suke nema da gangan. Dutsen guga na lantarki da hitar dafa ruwa rezistans ne manya, na wata waya da ake kira nikrom, wadda Albert Marsh na Amurka ya yi wa rajista a 1906. Wuta mai yawa suke ci, shi ya sa ƙaramin batirin sola ba ya iya musu.

Babu lambar da kake nema a tire? Biyu masu om 1,000, ka ɗaura wutsiyar wannan a kan wancan, sun zama 2,000. Ka jera su kafaɗa da kafaɗa, kai da kai, wutsiya da wutsiya, sun koma 500, domin an buɗe wa garken burtali biyu. Ga 500 ɗin da kasuwa ta hana mu.

Ko kun san batirin Nokia irin BL-5C, wanda yanzu ya cika ƙananan rediyoyi masu ɗaukar memori, bakinsa uku ne alhali wuta biyu take buƙata? Na ukun yana haɗe da rezistans a ciki, da shi salula take gane irin batirin da aka sa mata. Sabon bakin caji na USB-C ma haka ne. Dole na'ura ta kasance da rezistans mai om 5,100, shi ne sallamar da take yi wa caja kafin a sako mata wuta. Wasu cocila da rediyo masu arha ba a sa musu shi ba, shi ya sa suke ƙin caji da igiya mai baki iri ɗaya gaba da baya, amma su karɓa da tsohuwar igiya mai faffaɗan kai. A 2015 wani injiniyan Google, Benson Leung, ya shiga gwada irin waɗannan igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da yawa an sa musu rezistans da ba daidai ba a gurbin mai om 56,000. Shekarar da ta biyo baya kasuwar intanet ta Amazon ta hana sayar da waɗanda ba su cika ƙa'ida ba.

'Yan kabu-kabu, ku ma kuna ɗauke da shi. Bujin babur mai harafin R a lambarsa yana da rezistans na kusan om 5,000 a ciki, don tartsatsinsa kada ya cika rediyon mutane da ƙara. Maɓallin ƙara murya na rediyo rezistans ne mai juyawa, idan ƙurar hunturu ta shige shi ne kuke jin ƙarar-ƙarar. Allurar da ke nuna yawan mai a mota, rezistans ne a cikin tanki yake motsa ta. Har a ƙirjin ɗan Adam ya shiga: Otis Boykin, baƙar fatar Amurka haifaffen Dalas a 1920, ya yi rajistar wani rezistans mai daidaiton gaske a 1959, kuma aikinsa ya shiga na'urar da ake dasa wa masu ciwon zuciya don daidaita bugunta.

Jikinku ma yana da nasa om. Busasshiyar fata tana iya kaiwa 100,000, jiƙaƙƙiya da gumi ko ruwan alwala tana iya faɗowa kusan 1,000. A wutar NIGELEC mai bolt 220, wannan bambancin ya isa ya raba mai rai da gawa. Sukudireban gwada wuta da ke kawo ɗan haske idan an dafa bayansa, rezistans mai om dubu ɗaruruwa ne a cikinsa yake tsakaninka da layin, don haka wanda ya fashe ko ya sha ruwa a jefar da shi. Mai koyo ya tsaya a kan batiran rediyo da batir mai bolt 12 har hannunsa ya faɗa. Ina kuma roƙon masu gyara abu ɗaya. A mashigar caja da yawa akwai rezistans da aka sa don ya ƙone idan wani abu ya lalace a ciki, ya yanke wuta. Idan kun tarar ya ƙone, ku nemi dalili, ku sa irinsa. Wanda ya ɗinke gurbin da guntun waya ya cire mai gadi daga cajar da za ta kwana a jone a ɗakin da yara suke barci.

Yaron Korahane da ke son wannan ilimi ba sai ya jira ranar da zai shiga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi ba. Matacciyar rediyo ɗaya tana ɗauke da rezistans da dama masu lafiya, dalma kawai za a narkar a zare su. Idan ma babu rediyon, akwai fensir. Ko kun san baƙin cikinsa yana ɗaukar wuta? A ja layi mai kauri a takarda, a murza shi sosai har ya yi ƙyalli, a aro mitar mai gyara, a juya ta wajen alamar kofaton doki, a dafa tsinkayenta biyu a kan layin. Lamba za ta fito. A nisanta tsinkayen, lambar ta hau. A ƙara wa layin faɗi, ta sauka. Wannan ne dalilin da ya sa fitilar ɗakin da ke can ƙarshen gida take dushewa idan an ja mata siririyar waya mai tsawo daga batir, ta kuma washe ranar da aka canza mata mai kauri.